Katin Hoton Kwamfutar Baba

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Mu nan sai godiyar Allah. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba kya barin mutum ya kai aya.

Shawara nake nema kan kwamfutar da nake zanen gini da ita, tunda da gyaran irinta kike cin abinci. Shekararta goma sha ɗaya a kan teburin nan. Wata uku ke nan tana ba ni wahala. In na ja layi ɗaya siriri, sai ya fito kamar biyu. Ruwan toka da shuɗi sun zama abu guda, alhali da su nake bambanta bango da bututun ruwa. Lambobin awo kuwa sai na kusan manna hancina a allo kafin in karanta. Fankar ciki tana nishi kamar tsoho a kan matakala.

Wani abokin sana'a ya ce katin hoto ne ya tsufa, wato ɓangaren da ke fitar da zane a allo. Ya ce in sa sabo in huta. Kin san ni, ba na son taɓa abin da ya daɗe yana mini biyayya. Amma akwai aiki a hannuna: asibitin haihuwa mai hawa biyu da ake ginawa a bayan kasuwa. An gama harsashi, magini yana jiran zanen matakala da na rufi.

Ki faɗa mini, in canza ko in ci gaba da lallaɓawa? Ki gaida maigidanki.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Umma. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na karanta wasiƙar har aya, ban katse ka ko sau ɗaya ba.

Kati mai shekara goma sha ɗaya ya yi ƙoƙari, ba wanda zai ga laifinka in ka sallame shi. Sai dai kada mu yi gaggawa. Sabon kati ya fi wannan jan wuta, don haka wataƙila sai an canza har da akwatin wutar da ke ciki. Kuma kati in zai mutu, yawanci ɗigo-ɗigo yake watsawa a allo, ko ya ɗauke hoton gaba ɗaya. Raba layi biyu ba halinsa ba ne sosai.

Ga abin da nake so a yi. A kira mai gyaran nan na bakin titinku ya buɗe ta, ya hure ƙura, ya gwada wata wayar da ke haɗa ta da allo. Sannan ranar da layin ya rabu biyu, ka sa Umma ta ɗauki hoton allon da wayarta ta turo mini, in gani da idona.

Akwai wani kati da na gani wanda zai zauna daidai a cikin taka. Na ce a ajiye mini shi.

'Yarka mai biyayya.

*

'Yata,

Ina gaishe ki da fatan alheri. Babanki ya fita wurin gini, shi ya sa na samu na zauna. Rubutuna ba irin nasa ba ne, ki yi haƙuri da shi.

Mai gyara ya zo ranar Talata. Ya fitar da ƙura ta kusa cika kofi, ya sa wa fanka mai, ta yi shiru. Ya buɗe zanen ya ce, "Alhaji, ai tas take." Babanki ya ce masa bai san aikinsa ba. Sai da na raka mutumin ƙofa ya ce mini a hankali, "Hajiya, a duba idon Baba."

Na riga shi sani. Yakan zuba shayi a gefen kofi, ya ce teburin ne ya karkace. Ya daina tuƙi, wai titi ya cika da marasa hankali. Ran nan ƙanwarsa ta shigo falo ta gefen hagunsa, ta tsaya ta yi ta tsayuwa, bai san da ita ba sai da ta yi magana.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Jiya magini ya zo gida da takardar matakala. Shekara ashirin suna aiki tare. Bai shiga wurin Babanki ba, ni ya nema. Ya nuna mini inda Babanki ya sa takwas a maimakon uku. Ya ce da an bi takardar, tsayin kowane mataki zai fi ƙarfin mace mai ciki, kuma matakalar ba za ta haɗu da hawa na biyu ba. Ya ce wannan ya gani ya gyara, amma lissafin rufi ba ya iya duba shi. Sai ya ce, "Ni ba zan iya faɗa masa ba, shi ya koya mini karanta zane."

Ni ma na gwada sau biyu. Da na fara sai ya tashi ya shiga ɗakin aiki ya rufe ƙofa.

Na turo miki hoton allon kamar yadda kika ce. Yana tsaye a kaina na ɗauka, yana nuna mini layi biyun da yatsa. Ni ɗaya na gani. Kada ki ce na rubuto miki.

Ummanki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Allah ya sa wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

Na karɓo katin, yana nan a kan teburina cikin kwalinsa. Kwana huɗu ina kallonsa. Abu mafi sauƙi shi ne in ba direba ya kawo maka, ka ji daɗi, ka sa mini albarka. Na kasa.

Hoton allon ya iso. Na buɗe shi a kwamfuta uku a wurin aikinmu, na ƙara girmansa har iyaka. Baba, layin ɗaya ne. Shuɗin shuɗi ne, ruwan tokan ruwan toka. Katinka ya tsufa, amma bai yi maka ƙarya ba. In na sa maka sabo, abin da kake gani yau shi za ka gani gobe.

Ina roƙonka ka je likitan ido cikin makon nan. Ina kuma roƙonka kada zanen rufin ya fita daga hannunka sai wani ya bi lissafin lamba bayan lamba. Mata za su kwanta a ƙarƙashin rufin nan da jarirai. Tun ina ƙarama kake dawo da ma'aikata su rushe bango saboda ya kauce da faɗin yatsa, ina zaune a mota ina jin haushin an hana mu tafiya gida.

In na yi rashin kunya, ka yafe mini.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta iso.

Kan na'ura na tambaye ki, ban tambaye ki kan jikina ba. Shekara arba'in ina wannan sana'a, ba a taɓa bin bayan lissafina ba. In katin ya yi miki nauyi, ki bar shi, akwai masu sayarwa a nan.

Mahaifinki.

*

Uwata,

Bayan gaisuwa. Rubutun Ummanki ne, maganar tawa ce. Mako biyar ban amsa kiranki ba, ki yafe wa tsoho.

Ban sayi katin ba. Na je shagon masu sayarwa har sau biyu ina dawowa. Zanen rufin na kai wa abokin sana'ar nan, na zauna a ofishinsa yana bi. Ya samu kuskure biyu. Ɗaya a kan ginshiƙin ɗakin da za a kwantar da jarirai yake. Ya gyara su. Daga can na wuce asibiti.

Likita ta ce ruwan cikin idon ne ya hau, ya daɗe yana cin jijiya. Abin da na hagu ya rasa ba zai dawo ba. Na dama za a iya riƙe shi, in na kiyaye magani. Ta tambaye ni yaushe na fara lura, na ce wata uku. Ba gaskiya na faɗa mata ba. Bara ne, ina aske gemu na rufe idon dama, sai rabin fuskata ya ɓace a madubi. Da na rubuto miki wasiƙar farko na sani. So nake wanda ya san na'ura ya ce mini na'urar ce.

Ki mayar musu da katin. Ranar Laraba za su sake duba ni, sun ce bayan sun ɗiga magani ba zan ga hanya ba sai yamma, dole wani ya riƙe ni. Ummanki ba ta iya tsallaka titi sai da gudu. In aiki zai bar ki, ki zo.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.