Tozali a Gidan Hajiya Hindu

G.R.A., Katsina
Mayu, 1999

Zuwa ga ɗiyata Safara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma ruwan Fatakwal bai hana ku sakat ba. Mu nan sai godiya.

Kin dai ji soja za su miƙa mulki ƙarshen watan nan. To, an aiko mana cewa duk wanda ya yi ritaya ya bar gidan gwamnati, sababbin manya na buƙatar wurin zama. Ban yi gardama ba, da ma aro aka ba ni. Yayanki Sagir ya gyara mani ɗaki a gidansa na Ƙofar Guga.

Saura maganar Tozali, kyanwar mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. Kin san Ummi ɗiyar Sagir tana fama da asma, likita kuma ya ce ko gashin kyanwa kada ya kusance ta. Na yi tambaya, an nuna mani wata Hajiya Hindu a Kambarawa. Ta yi aiki a asibitin dabbobi har ta yi ritaya, yanzu tana karɓar kyanwoyin da masu su suka rasa yadda za su yi da su. Can zan kai ta. Na ga bai dace ki ji a bakin wani ba.

Allah ya yi maki albarka.

Mahaifinki,
Malam Baƙo

Fatakwal
Yuni, 1999

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, ina fatan an tare lafiya. Ka yafe mani, amma tun da na karanta wasiƙarka na kasa cin abinci.

Baba, Tozali fa! Wadda ta kwana a ƙafafun Inna duk tsawon jinyarta, ranar da aka fita da gawa ta bi makara har bakin titi. Ita za a kai gidan da ba ta san kowa ba, ta dinga kokawar abinci da kyanwoyin bola? Yaya Sagir ba shi da ko ɗakin ajiya a bayan gida? Da ka jira, da na roƙi wani direba ya kawo mani ita nan. An raba kayan Inna, kujerunta ma sun tafi, ban ce komai ba. Wannan ce kaɗai mai rai da ta bari a gidan.

Ban rubuto don in ɓata maka rai ba. A gaida Yaya da Ummi.

Ɗiyarka,
Safara'u

Ƙofar Guga, Katsina
Yuli, 1999

Ɗiyata Safara'u,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonki, kuma ban ji haushi ba. Abin da kika faɗa, na riga na faɗa wa kaina.

Tafiyar Fatakwal cikin kwali za ta kashe ta, ta tsufa. Ɗakin ajiya kuwa na gwada. Yini guda kawai ta yi a ciki, da la'asar muka kwashi Ummi zuwa asibiti tana jan numfashi kamar za ta shiɗe. Ban jira Sagir ya yi mani magana ba.

Washegari na saka ta cikin kwandon wankin mahaifiyarki, na hau tasi. Gidan Hajiya tsaf yake, da bishiyar dalbejiya a tsakar gida, kyanwoyi kwance ko'ina. Ta duba haƙoranta da kunnuwanta, ta ce, "Malam, me take so, me ba ta so?" Na ce tana son kan kifi, ba ta son tsintsiya. Sai na yi sallama na fito. Ina jin kukanta har na kai bakin hanya.

Ina leƙa ta lokaci-lokaci. Kada ki damu.

Mahaifinki,
Malam Baƙo

Kambarawa, Katsina
Agusta, 1999

Zuwa ga Safara'u,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ba ki san ni ba, ni ce Hajiya Hindu mai kyanwoyi. Yayanki ya ba ni adireshinki. Ni ba gwanar kewaye-kewaye ba ce, don haka ga magana.

Kyanwarku lafiyarta ƙalau. Mahaifinku ne abin dubawa. Kullum da hantsi yana bakin ƙofata da ƙunshin kan kifi, ya zauna gindin dalbejiya yana yi mata hira har azahar. Jiya na ji yana ce mata, "Kin ga sun sare mangwaron uwar ɗakinki a tsohon gidanmu, sun yi wurin ajiye mota." Sagir ya ce abincin Malam a rufe yake komawa kicin.

Ita kuma saboda shi ta ƙi sabawa. Ba ta cin komai sai daga hannunsa, in ya tafi ta zauna bakin ƙofa tana kuka har washegari. Na daɗe a wannan aiki, na san in bai ɗauke ƙafa na ɗan lokaci ba, su biyun za su rame tare. Na buɗe baki in faɗa masa, na kalli fuskarsa na kasa. Ke ɗiyarsa ce, wataƙila ya ji taki.

Ki yi haƙuri da katsalandan.

Hajiya Hindu

Fatakwal
Agusta, 1999

Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Na yi ta kukan kyanwa, ban tambaye ka yadda kake kwana a ɗakin da Inna ba ta taɓa shiga ba.

Hajiya Hindu ta rubuto mani, kada ka ga laifinta. Baba, ina roƙonka ka bar zuwa Kambarawa har ƙarshen damina. Na san abu ne mai wuya, ni da na matsa maka a kanta. Ka ba ta dama ta koyi cin abinci a hannun wani. Kai kuma ka zo mana nan, yara ba su san ka ba sai a hoto. Hirar da kake yi wa Tozali, ni ma ina son in ji ta.

Ɗiyarka mai ƙaunarka,
Safara'u

Ƙofar Guga, Katsina
Oktoba, 1999

Safara'u,

Assalamu alaikum. Na yi yadda kika ce, ko da yake sau da yawa na sa takalmi na sake cirewa.

Ranar Juma'a na je. Ta yi ƙiba. Na same ta kwance a rana tana lasar wani ɗan kyanwa da aka tsinto a kasuwa. Na kira sunanta, ta ɗago kai ta dube ni, ta zo ta goga jikinta a ƙafata, sannan ta koma wurin ɗanta. Da zan fita ba ta biyo ni ba.

Ta riga ni haƙura, ɗiyata. Ki ce wa maigidanki ya tarye ni a tasha ranar Laraba.

Allah ya yi maku albarka.

Mahaifinki,
Malam Baƙo