Hasumiyar da Ka Bari a Tsakar Gida

Zuwa ga Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a duk inda kake. Inna na gaishe ka, haka dangi na Bakura da na Dosara. Ni ce ƙanwarka Hajara, daga Talata Mafara.

Hasumiyarka ce ta hana ni zama.

Ka tuna lokacin da ruwan dam ya cinye gonakinmu na Maradun muka dawo nan? Kowa na neman inda zai sa kansa, kai kuwa kana kwaso tsofaffin bututun ban-ruwa da aka yar a wurin aikinku na Bakolori. Ka ce rediyon da ake magana a amsa za ka kafa, kuma sai eriya ta yi sama sosai. Ka haƙa rami gefen rijiya, ka zuba siminti, mai walda ya haɗa ƙarafan hawa-hawa. Inna ta ce tsawa za ka jawo mana. Ka ce, "Inna, wanga ƙarfe kunne ne, saurare kawai shika yi."

Ranar ɗaga ta, maza na jan igiya, mu mata muna bakin madafi hannu a ka. Ta yi tangaɗi, ta tsaya. Ka hau ka ɗaura eriya, ka sauko. Da la'asar sai ga muryar wani mutum daga Agadas yana amsa sallamarka. Ban taɓa ganin fuskarka haka ba.

Muryoyin nan suka ɗauke mana kai. Da aiki ya ƙare ka ce za ka je ka ga masu su, ka hau motar arewa. Damina ta wuce, ga wata tafe, shiru.

Yanzu ɗaya daga wayoyin da ke riƙe da hasumiyar ta tsinke. In iska ta taso sai ta karkata kan ɗakin 'ya'yan Malam Isa maƙwabcinmu. Ya zo da kansa cikin mutunci ya ce a sare ta kafin ruwa ya sauka. Gaskiya gare shi. Inna kuma ta ce ba mai taɓa ta, in an sare ta ina za ka kira?

Na koyi murɗa rediyon, Yaya. Mutane na ta magana da yarukan da ban sani ba, kowanne sai in ji kamar kai ne. In shiga ɗaki, in fito, in ɗaga kai. Jiya miya ta ƙone ina tsaye a kanta. Na roƙi Malam Isa ya yi mini haƙuri zuwa Juma'a.

Allah Ya tsare ka, Ya juyo mana da kai, ko da muryarka ce kaɗai. Hadari ya fara haɗowa daga gabas.

Taka,
Hajara