Kunnuwan Vitumbiko

Blantyre,
11 ga Fabrairu.

Zuwa ga mahaifina abin girmamawa, Adada Gondwe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar nan, tana barin ku zuwa gona? Yaya Tawonga da yaranta, yaya ruwan bana a Rumphi? Mu nan lafiya ƙalau, sai kewarku.

Na zaɓi takarda ne don wayar gidan a hannun Tawonga take, kuma na san halin ƙanwata. Sai ta saurari maganar minti goma, ta rubuta muku kalma uku a bayan kalanda. Wannan labarin ina so ku karanta da idonku. Adada, na ajiye koyarwa. Shekara tara ina gaban allo, ƙarshen Janairu na miƙa wa hedimasta makullin kabad na fito. Asibiti sun ɗauke ni a sashen kunne, inda ake auna jin mutane a sa musu na'urar ji. Shekara biyu zan yi ina koyo ina aiki kafin a ba ni takarda.

Mijina Wongani bai so ba. Ya ce mace mai jariri ɗan wata biyar ba ta sakin aikin da ake tashi ƙarfe ɗaya ta kama wanda ake tashi ƙarfe biyar. Shi yana gonar shayi a Thyolo daga Litinin zuwa Juma'a, wa zai ga yaron? Gaskiyarsa ce, ban musa ba. Amma sau biyu ina neman gurbin nan ana hana ni, ban san ko zai sake buɗewa ba. Da ya ga ba zan sauka ba, sai ya ce to, Allah ya ba likita sa'a. Tun ranar likita yake kirana, ko gishiri yake so in miƙo masa.

Ɗana Vitumbiko yana wuni wajen Anabanda, wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ta raini jikoki shida. Ƙarfe shida nake kai mata shi in bi ƙaramar bas. Da rana nono kan cika ya yi mini tauri, kuma ba inda zan ɓuya in tatsa sai ɗakin gwaji, wani ɗan akurki da aka lulluɓe bangonsa don kada ƙara ta shiga. In na rufe ƙofar har bugun jinina nake ji. Bambo Kamwendo, wanda yake koya mini aikin, ya ce tun da aka gina ɗakin ba a taɓa mai da shi kamfanin madara ba sai zuwana.

Jikanku ya yi ƙiba, ga surutu, ba-ba-ba tun safe. In uban ya dawo ranar Juma'a yana yi masa fito da baki daga bakin ƙofa, sai yaron ya waiga yana harba ƙafa. Ni kam kullum a gajiye nake. Jiya na tuƙa nsima, tuwonmu na masara, na zauna ci, sannan na tuna ban ɗora miya ba. Amma ranar Talata na sa wa wata tsohuwa na'ura, 'yarta ta kira sunanta daga baya, ta juya. Na tuna ku da shekara talatin ɗin da kuka yi a bakin injin niƙa har ya cinye muku ji. Sai da na fita waje na ɗan tsaya.

Ku gaishe mini da kowa. Wongani yana gaisuwa.

'Yarku,
Lusungu.

Blantyre,
20 ga Mayu.

Adada,

Ina gaishe ku da kyau, da fatan kuna lafiya, ku da mutan gida. An ce masara ta yi kyau bana, Allah ya sa albarka.

Na san Tawonga ta gaya muku yaron ya kwanta asibiti kuma ya fito. Akwai abin da ba ta sani ba, mijina ma bai sani ba.

Ranar Laraba ce, ranar jarrabawarmu ta farko. Ya tashi da zafin jiki, ya ƙi nono. Na taɓa goshinsa na ce haƙori ne. Da na kai shi, Anabanda ta karɓe shi ta dube ni, ta kira ni da sunan gidanmu ta ce, "Nyagondwe, wannan kukan ba na haƙori ba ne." Na ɗura masa maganin zazzaɓi, na ce mata ƙarfe sha biyu zan dawo. A bakin ɗakin jarrabawa aka karɓe wayoyinmu, kuma aka bar ni a rukunin ƙarshe. Sai ƙarfe huɗu na fito, na tarar ta kira ni sau goma sha ɗaya. Gwiwarta ba ta barin ta hawa bas da goyo. A bakin hanya na same ta tsaye da shi a kafaɗa. Wuyansa ya yi tauri, maɗigarsa ta kumbura, kukan ma ya daina. Sanƙarau ne.

Kwana goma sha huɗu muka yi, yara biyu a gado ɗaya. Wanda ke gefenmu ya rasu a kwana na uku. Uwarsa ta naɗe zannuwanta, ta turo mini bahon wankansa da ƙafa, ta ce ba ta da abin yi da shi kuma. Namu ya tashi. Ranar da aka sallame mu surukata ta iso daga Mzuzu, matan coci suka cika falo da waƙa, kowa yana cewa Allah ya yi. Ni ma na faɗa, kuma har zuciyata.

Abin da yake cina shi ne, a watan Maris aka koya mana abin da sanƙarau yake yi wa kunne. Yana nan a littafina da rubutun hannuna, har layi na ja masa. Ranar da aka sallame mu, mata goma sha biyu suna tafi suna waƙa a kansa, yana barci a cinyata, ko gira bai motsa ba. Surukata ta ce gajiya ce, yaron kirki ne. Sau biyu Bambo Kamwendo yana cewa in kawo shi a auna, ina cewa sai ya ƙara ƙarfi. Na ci jarrabawar, ni ce ta biyu a aji. Ku ne mutum na farko da na gaya wa.

Ku yi mini addu'a, kuma kada Tawonga ta ga takardar nan.

'Yarku,
Lusungu.

Blantyre,
2 ga Yuli.

Adada,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya sanyi? Na ba direban bas rigar sanyi ya kawo muku, ku riƙa sawa ko ba ranar coci ba.

Amsarku ta iso. Layi uku kacal, kun ce in kai shi a duba, in daina jira. Duk da haka sai da na ƙara sati uku. Kullum ina gwada shi a gida a ɓoye. In saki murfin tukunya a bayansa, in ga bai juya ba, in ce wasa ne ya ɗauke masa hankali. Ran da ya juya kuwa, na san inuwata ya gani, amma sai in ƙi sani.

Ranar wata Asabar na kai shi, ba kowa a sashen sai ni da Bambo Kamwendo. Gwajin jarirai sai suna barci. Ana manna musu 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne, a saki ƙara, a duba ko ƙwaƙwalwa ta amsa. In ta amsa, layin da ke kan allon injin sai ya yi tudu. Da hannuna na goge masa goshi na manna wayoyin. Bambo Kamwendo ya riƙa ƙara ƙarfin ƙarar har ya kai ƙarshen abin da injin yake iyawa, ƙarar da in ni ce sai na toshe kunne. Layin a kwance. Muka koma kunnen hagu, haka. Ya san na gane, don shi ya koya mini karanta layin nan. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Daga baya ya ce akwai na'urar da ake dasawa a cikin kunne ta hanyar tiyata, kuma likitocin da suke yi za su zo daga waje a Oktoba, zai sa sunan yaron. Amma ya tuna mini abin da na sani, cewa bayan sanƙarau cikin kunne yakan fara cikewa da ƙashi, in ya cike ba inda za a zura na'urar. Ban tambaye shi ko satuttukan da na ɓata sun yi ɓarna ba, shi ma bai faɗa ba.

Sati guda na riƙe maganar. Ranar Juma'a Wongani ya shigo da fitonsa, yaron yana zaune ya ba ƙofa baya yana cin murfin kwalba. Ya yi fito sau uku, sannan ya yi dariya ya ce ɗan nan ya fara girman kai irin na Gondwe. Ranar Lahadi bayan coci na zaunar da shi na gaya masa komai, har da jarrabawar, har da abin da Anabanda ta ce da safen nan. Sai ya tambaye ni:

"Da kin kai shi da safe, da yana ji yanzu?"

Na ce ban sani ba, kuma gaskiya ce, ba wanda zai iya sani.

"Ba ke ce likita ba?"

Wannan ne karo na ƙarshe da ya kira ni haka. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Yana cin abincina, yana ɗaukar ɗansa. Amma in zai yi mini magana, bango yake kallo. Surukata ta aiko cewa in bar aikin nan in zauna da yaro, tun da na ga abin da ya jawo.

Ku gaishe da gida.

'Yarku,
Lusungu.

Blantyre,
28 ga Oktoba.

Mahaifina,

Ina miƙo gaisuwa, da fatan zafin nan bai takura muku ba. Yaya ƙafa, yaya Tawonga da yara? Ku yafe mini daɗewar da na yi ban rubuto ba.

Likitocin sun zo sun koma. An ɗauki hoton kan yaron, wata likita ta kira ni ta nuna mini. Wurin da ya kamata a ga rami kamar na dodon koɗi, fari ne fat, dama da hagu. Ƙashi ya cike. Ta ce ta yi baƙin ciki, na ce na gode. Sannan na koma bakin aiki, don ni aka ba jera takardun yaran da aka zaɓa. Su uku ne. Ni na kira iyayensu na yi musu albishir.

Mun gwada masa na'urar ji mafi ƙarfi. Cirewa yake yi ya sa a baki. Ya cika shekara a Satumba, yana tafiya yana dafa bango, yana dariya in ya ga fuskata. Amma surutun nan ya daina, Adada. A hankali ya ragu, har ba zan iya cewa ga ranar da na ji na ƙarshe ba.

Wongani yanzu sai ya yi sati biyu a Thyolo. Watan jiya ya ce zai kai yaron aski, suka dawo ina jin ƙamshin mai a kunnuwansa. Ashe wajen wani mai addu'a ya kai shi, aka ɗura masa mai aka yi ta ihu a kansa. Na yi faɗa kamar zan fasa gidan. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ni na gwada nawa ilimin, a bar shi ya gwada nasa. Da na shiga ɗaki na leƙo, na gan shi ya sa bakinsa a kunnen yaron yana kiran sunansa a hankali. Na ja ƙofar na bar su.

Na rubuta takardar ajiye aiki, ta yi kwana tara a jakata. A rana ta tara aka kawo wata yarinya daga Mulanje, ita ma bayan sanƙarau, ni aka ce in gaya wa uwar sakamakon. A da akwai kalmomin da na haddace, in jera su tsaf in miƙa takarda. Ranar na faɗa mata a jimla ɗaya, na ja kujera na zauna kusa da ita. Ta ce ai kwana biyu ta yi tana ba ta jiƙo kafin ta kai ta asibiti. Na ce ni wuni ɗaya na yi, kuma ina da littafi. Muka zauna har masu shara suka zo. Ban miƙa takardar ajiye aikin ba. Ban sani ba ko daidai na yi. Ranar Asabar ina zuwa koyon maganar hannu ta kurame da yaron a bayana. Wongani ya ce tukuna.

Saura abu ɗaya. Ina aji bakwai aka kira taron iyaye, na gaya muku ranar Juma'a ce, alhali Alhamis ce. Kuka sa kwat ɗinku kuka taka har makaranta, kuka tarar ba kowa, kuka dawo kuka ce ku ne ba ku ji daidai ba. Ba laifin kunnenku ba ne, Adada, don a takarda na rubuta muku. Kunya nake ji, saboda kuna magana da ƙarfi yara suna kwaikwayonku. Na daɗe ina gaya wa mutane tausayi ne ya kawo ni aikin nan. Wannan ranar ce ta kawo ni.

Ina neman gafararku, kuma ina da tambaya. A asibiti an koya mini auna abin da mutum ba ya ji, ba a koya mini yadda yake zaune da shi ba. Lokacin da muke kewaye kwano muna hira muna dariya, ku kuna kallon bakinmu kuna murmushi, yaya abin yake a ranku? Me muka yi da ya fi yi muku ciwo, me kuma kuka so mu yi ba mu yi ba? Kada ku tausaya mini, kada ku rubuta layi uku. Jikanku ba zai iya gaya mini ba sai nan da shekaru, kuma ba na so in sake makara.

Ina jiran amsarku. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

'Yarku mai ƙaunarku,
Lusungu Gondwe.