Ƙwan da Ba a Juyawa

Ƙofar Marke, Sakkwato
Oktoba, 1976

Zuwa ga ɗana Mode,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata hidimar ƙasa na tafiya lafiya a can bakin teku. Na karanta wa ɗalibaina labarin dabbar da ka gani, kuma duk sun yi kuskuren da ka yi. Sun ɗauka irin kunkurunmu ce na bayan gari, ta yi girma kawai. Ba haka ba ne. Wannan ta teku ce, ba ta iya shigar da kanta cikin ƙoƙo. A ruwa take rayuwa, ƙwai kaɗai ke fito da ita tudu, kuma irinta na ƙarewa a duniya. Don haka na yi murna ƙwarai da ka tara 'yan ajinka kuna gadin ramin ƙwanta.

Innarka dai hankalinta ya ƙi kwanciya. Jiya ta ce mini, "Ladan, mi yak kai shi bakin ruwan da ba a ganin ƙarshenai?" Ka rubuto mata. Allah ya tsare.

Kawunka,
Ladan

*

Nuwamba, 1976

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi. A tsorace nake rubutun nan. Wani kamfani ya fara kwasar yashi a gaɓar, tifofi na ta shiga da fita, sojoji na gadinsu. Na je na yi wa wani kofur bayanin ramin. Ya dube ni, ya taɓa bindigarsa, ya ce, "Malamin makaranta, ƙwai kake so ko kanka?" Na juya na koma makaranta.

Sun kusa isowa wurin. Mun yanke shawarar kwashe ƙwan zuwa yashin bayan makaranta. Kada ka damu da renonsu, na girma ina kallon Inna tana sa wa kaza ƙwan zabi. Tunda nan babu kazar da za ta kwanta musu, ni zan zama kazar, in riƙa juya su safe da yamma.

Ɗanka,
Mode

*

Nuwamba, 1976

Mode,

Kada ka juya su! Ka yafe mini rashin gaisuwa, sauri nake. Ƙwan tsuntsu ne ke son juyi. Wannan kuwa ɗan yana manne a saman ɓawon ta ciki, idan aka kifa shi ya ɓalle ya mutu. Yadda uwar ta ajiye shi, haka zai zauna har ya ƙyanƙyashe.

Daga aji na fita da gudu na buga maka wayar telegiram, amma ban san yaushe za ta isa ƙauyen da sai an shiga kwalekwale ba. Wasiƙarka ma ta daɗe a hanya. Ina tsoron ina yi wa abin da ya riga ya faru gargaɗi.

Kuma don Allah kada ka sake yin magana da mai bindiga.

Ladan

*

Disamba, 1976

Ɗana,

Ina gaishe ka. Shiru ya yi yawa. Innarka ta je Hubbare ta yi addu'a, ta dawo ta zauna a zaurena ta ƙi tashi. Na ce mata jarrabawa ce ta riƙe ka. Ban faɗa mata maganar sojan ba. 'Yan ajina kullum sai sun tambaye ni ko ƙwan sun fashe, ni kuwa ba ƙwan nake tunani ba yanzu. Ko layi ɗaya ne ka aiko.

Kawunka

*

Janairu, 1977

Kawu,

Ina gaisuwa, ina neman gafara. Lafiyata lau, zazzaɓi ne ya kwantar da ni. A gaya wa Inna.

Mun kwashe su a daro tare da yashinsu, tifa na gurnani a bayanmu, kofur ɗin na kallo. Wayarka ta zo a makare. Kafin nan na tone, na juya na sama. Da na kai hannu ga na ƙasa, sai ɗaya ya lotsa a yatsana, laushi kamar fata. Na firgita, na zaci na fasa shi, na mayar da yashi na gudu. Ban ƙara samun ƙarfin halin taɓawa ba.

Waɗanda na juya duk sun ruɓe. Da hannuna na binne su. Amma shekaranjiya yashin ya fara motsi, sauran suka fito, baƙaƙe, ba su cika tafin hannu ba. Muka kai su gaɓa, suka ruga cikin ruwa ko waiwaye babu.

Akwai sabon rami, kuma tifofin sun juyo ta can. Ni yanzu tsoron hannuna nake. Ka nemi izini a makaranta ka zo, Kawu. Zan riƙe daron, kai ka ɗauki na farko.

Ɗanka,
Mode