Daddawar da Ba Na Jin Warinta

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Kande, mai daddawar Kibiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi irin na 'ya ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke halin da nake ciki. Na san ba a kai wa kabari takarda. Amma idona na hagu ya soma dushewa, gara in yi amfani da ajamin da Baba ya koya mini tun na dama yana gani.

Inna, hancina ya mutu.

Kin tuna yadda kike tsugunar da ni gaban kwandon kalwa bayan kin dafa kin rufe, ki ɗaga ganye ki ce, "Rufe idonki ki sansana, hanci ne zai gaya miki ta yi." Da hancin nan na riƙe sunanki a kasuwa bayan kin tafi. Har daga Tarai ake zuwa neman daddawa mai shaidar yatsunki uku, ni ma haka nake danna tawa.

Da ciwon kai abin ya fara, kullum da asuba, kamar ana daka a goshina. Wanzami ya yi ƙaho har ƙeyata ta ƙare. Na sha rubutu, na sha saiwa, an yi hayaƙi. Sai wani kumburi ya fito a saman goshi, mai tauri kamar ƙwallon goruba.

Da likitan Nasara ya sauka Rano yin lambar agana, ɗanki Sani ya ɗora ni a jaki ya kai ni. Baturen ya danna wurin, ya leƙa idona ya daɗe. Tafinta ya ce, "Wai tsiro ne a cikin ƙoƙon kai, a hankali yake girma. Ba mai saurin kisa ba ne, za ki daɗe da shi. Amma shi ba shi da yadda zai cire." Sani ya yi hamdala sau uku, ya yi ta murna har gida. Ni kuwa ban san abin da zan yi wa murna ba.

Ba ya kisa, Inna, amma zo ki ga zaman. Tuwo da dusa duk ɗaya ne a bakina. Rannan gefen zanena ya kama wuta a murhu, ban sani ba sai da zafi ya taɓa ni. Sau ɗaya na faɗi a bakin rijiya ina makyarkyata, tun daga ranar aka hana ni guga. A salla sai in tsaya, ban san raka'a ta nawa nake ba. Masu dubiya kuma su ce, "Ai jiki ya yi sauƙi, tunda ga ki a tsaye." Sauƙin me? Wallahi wani lokaci ji nake kamar in kore su da muciya.

Daddawa kaɗai ta rage mini, kuma ban gaya wa kowa hancina ya tafi ba. Na koma ƙirga kwanaki, alhali kin sha gaya mini kalwar bazara da ta damina ba sa nuna rana ɗaya. Ina dakawa, ina mulmulawa, ina kaiwa kasuwa, tana ƙarewa ƙaf. Har ina jin daɗi, wai na ci nasara.

Makon jiya na biyo ta bayan gidan ƙawarki Goggo Delu, sai na ga kaji suna tonon juji. Daddawata ce a zube, Inna, tuli guda, kowace da yatsu uku a kanta.

Na shiga na tambaye ta. Ta daɗe tana gyara ɗankwali kafin ta ce, "Damina biyu ke nan, 'yar nan. Wata ba ta nuna ba, wata ta wuce. Mu muka haɗa baki. Wa zai dubi idon 'yar Kande ya ce mata daddawarta ba ta miyuwa?" Ashe duk matan da kika sani saye suke su zubar, su aika kasuwar Lausu a sayo musu ta miya a ɓoye.

Na yi kuka, na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na rantse na bar sana'a. Kwana uku ina kwance a ɗaki, daga ni sai dakan da ke cikin kaina, ba mai sallama, ba abin da zan tashi dominsa.

Jiya kasuwa ta ci, na ɗauki ƙwaryata na tafi. Goggo Delu ce ta fara zuwa. Ta zaɓa, ta yaba, ni kuma na yi mata gyara. Ta san na sani, ba wadda ta ɗaga ido. Ki yafe mini, Innata, da sunanki nake wannan abu, kuma ba zan iya bari ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya saka wa ƙawayenki da alheri, Ya ba ni haƙurin kwanakin da aka ce suna da yawa. Amin.

Taki,
Hansatu, 'yarki ta fari, wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba.