Ruwan da Bai Kai Bayan Kunne Ba

Zuwa ga Dada, mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ki cikin ni'imar makwanci. Daga Mubi nake rubuto miki, a zauren gidanmu. Na zo hutu, na tarar da wani al'amari wanda ban ga wanda ya fi ki cancantar jin sa ba.

Ba ki kai ga sanin aikin da nake yi ba, don haka zan fara da shi. A ƙasar da na tafi karatu, aikina kiwon ɓeraye ne a ɗakin bincike. Na san da kina nan da kin rufe baki da gefen mayafi kin yi dariya, ke da kika sha korar su daga buhunan dawa. Namu ba irin na rumbu ba ne. Tun kafin a haife su ake cire musu ƙwayar gado guda, wadda ke sa jiki ya ƙera wani sinadari da ake kira furotin a ƙwaƙwalwa, daidai inda jijiya ke miƙa wa jijiya saƙo. Sai mu zuba ido mu ga abin da rashinsa zai haifar, ko ma fahimci wasu cututtukan ƙwaƙwalwa na mutane.

Ɗakinsu ba taga. Da yake ɓera a duhu yake harkarsa, mun juya musu lokaci: da rana tsaka a kashe fitilu, a bar wata ja guda. Mutum ya baro hasken azahar ya shiga, ba ya jin komai sai ƙaramin sautin ƙarce daga akwatuna masu yawa.

Ɓera mai lafiya yakan lashi hannuwansa, ya shafi hanci da fuska, ya zarce kai da kunnuwa, ya gama ya koma ga abincinsa. Waɗanda muka cire wa furotin ɗin ba sa gamawa. Da sun kai kunne sai su dawo hannu. Haka za su yi ta yi har gashin ya zube, fatar ta yi rauni, ba su fasa ba.

Ranar da na fara tsayawa a kan ɗaya daga cikinsu a wannan jan haske, na lura leɓena yana motsi. Jerin nake bi: hannu, fuska, kai, kunne. Allah ya gafarta mini wannan kwatance, amma na san jerin tun ban shiga makaranta ba.

Ina ganin ki yanzu a tsugune a bakin makwarara, buta a gabanki. Liman ya tayar da sallar la'asar, ya sallame, ke kina kan alwala. Ki kai ƙarshe, ki taɓa bayan kunnenki na hagu ki ce, "Ruwan bai kai nan ba." Sai ki sake cika butar.

Randa kan ƙare kafin rana ta take. Mai ruwa ya san ƙofarmu fiye da ta kowa a unguwa.

Baba ya ce waswasi ne, ya karɓo rubutu. Dangi suka ce iska ce. Mama Saratu kaɗai, maƙwabciyarmu 'yar ƙauyen Vimtim, ba ta taɓa ba abin suna ba. Takan shigo bayan ta taso daga coci da man kaɗanya a gwangwani, ta kama hannuwanki da suka tsattsage tana shafawa tana tsiya da irin Hausarta: "Kai maman yara, mayo ma, kogi guda, za ka shanye mana shi. Ka bar wa kifi kaɗan mana!" Kina dariya, idonki yana kan butar.

Har kika koma ga Allah, ba wanda ya ce a kai ki asibiti. Ba mugunta ba ce. Ba mu san cewa irin wannan yana da likita ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan rasuwarki na sami 'ya mace, na sa mata sunanki. Da yake bakina ba ya iya furta shi, Ummi muke kiran ta. Ba ta taɓa ganin ki ba, kuma ba mu taɓa ba ta labarin butar ba. Yanzu tana ajin farko na sakandare.

Washegarin isowata, da la'asar, na fito tsakar gida na gan ta a tsugune a bakin makwararar nan. Na tsaya ina jira ta gama mu gaisa. Ta wanke ƙafa, ta ɗaga hannu ta taɓa bayan kunnenta. Na hagu, Dada. Ta waiwayo ta ce, "Baba, ruwan bai kai nan ba."

Na yi shekaru ina koyon yadda ake bayyana abubuwa, amma sai da na dafa bango. Uwarta ta ce tun damina abin ya fara, ta ɓoye mini don kada hankalina ya tashi a ƙasar mutane. Na duba 'yan yatsun yarinyar, har sun fara fari suna saɓa.

Goggo Hauwa, ƙanwar Baba, ta zo daga Belel da shawararta a shirye. "Ku kuka kira ta, ta kuwa amsa," in ji ta, ke take nufi. "A yanka rago a sauya wa yarinya suna, mai sunan ta koma inda ta fito. Kuma kada a kai ta wurin likitan mahaukata, gari ya ji." Ni kuma ta dube ni ta ce, "Kai mai ɓeraye, in kana da magani fito da shi."

Ba ni da shi, kuma ban yi mata ƙarya ba. Ɓera ba mutum ba ne. Ba zan ce abin da muka cire musu shi ne ya gaza a jikinki ba, domin ban sani ba. Abin da na gani da idona shi ne, a cikin ɓerayen da muka yi wa magani akwai waɗanda suka kai kunne suka sauke hannu. Na kuma san likitocin da ke zama da masu irin lalurarki, su koya musu tashi daga bakin ruwa a hankali. Bayan kunnen hagu kuwa, ba ni da bayaninsa. Na bar shi a inda na same shi.

Na shaida wa Goggo cewa ba za a sauya sunan ba. Idan na yarda, na yarda ke nan cewa ke abin kora ce, alhali ke mara lafiya ce da ba ta sami mai duba ta ba. Gobe da safe ni da Ummi da uwarta za mu hau motar Yola zuwa asibiti. Gari ya ji. Na ɗage komawata har sai na ga yadda hali ya yi.

Ɗazu na sayo man kaɗanya na shafa mata a hannu. Ta tambaye ni ko kakarta ma tana da irin wannan. Na ce kina da shi, kuma ke ce mace mafi tsabtar zuciya da na sani.

Allah ya jiƙan ki, Dada, ya haskaka kabarinki, ya ba takwararki lafiya. Ranar da aka yi miki wanka na ƙarshe, na roƙi matan ta bayan labule su kai ruwan bayan kunnenki na hagu, sun kuma ce sun kai. Ya kai, Dada. Ki huta.

Wassalam.

Ɗanki na fari, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba.