Farin Yadin da Ka Yaba

Zango, Wagadugu
Cikin watan Rajab

Zuwa ga ƙanena Shitu, a Liyon, ƙasar Faransa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Awa da yara. Allah ya tsare ku daga sanyin ƙasar da kuke ciki, ya sa albarka a nemanka. Mu nan Zango sai godiya. Gwaggo Zulai tana nan da ƙarfinta da bakinta, babu wanda ya ragu. Ƙanwarmu Salamata ta sauka lafiya, an sami namiji, an yi suna. Inna kuwa, idan baƙo ya tambaya cewa muke yi jiki da sauƙi, amma kai ba baƙo ba ne da zan yi maka gaisuwar baƙi. Ƙafafunta sun kumbura, idanun sun ƙara dushewa, abinci sai an yi ta lallashi kafin ta taɓa. Sallah ma a zaune take yinta yanzu.

Na rubuta wannan ne zan ba Jibrilla, ɗan maƙwabtanmu da zai koma wajenku, domin a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Ranar nan ka yaba hotunan ƙarshe da na aika maka, ka ce ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsu ba, har ka tambaye ni inda na samo farin yadin da na shimfiɗa. Ban amsa maka ba. Amsar ce wannan, sai dai ka yi haƙuri da ni, daga farko zan ɗauko ta.

Ka tuna kai ka kira ka ce ka haɗu da wani Bature mai tara tsofaffin kuɗi, ka ba shi labarin sulallan Kaka Rabo, mahaifin Inna, waɗanda ya tara tun yana fataucin goro tsakanin nan da Kumasi. Ka ce mutumin yana so, amma sai ya ga hotonsu tukuna, kowane ɗaya gaba da baya, a kan abu fari tas, ba inuwa ba datti. Ka ce idan ya saya, kuɗin na likitan Inna ne. Ban yi musu ba, don na san da kyakkyawar niyya ka faɗa. Abin da ban sani ba shi ne na karɓi aikin da zai fi zaman kasuwa gajiyar da ni. Kai a can ka ɗauka ɗaga waya ne kawai a danna. Ni kuwa sai na wuni a kasuwar Rood Woko ina fama da masu taya goro, in hau mobilet, ɗan babur ɗina, in dawo, in duba Inna, in ɗora tukunya, sannan in tsuguna a tsakar gida ina rige-rige da rana kafin ta faɗi.

Ranar da na fito da gwangwanin sulallan na nuna wa Gwaggo Zulai, na gaya mata hotonsu za a kai wa wani Bature. Washegari na dawo daga kasuwa na same ta zaune a bakin rijiya da toka da lemun tsami, ta riga ta goge kusan rabinsu, suna ta ƙyalli kamar sabon kwano. Da alfahari ta nuna mini. Ta ce abin da za a kai gaban baƙo ba a kai shi da dauɗa, kada a ce gidan Rabo ba su san tsabta ba. Gaskiya ni ma a lokacin na ga sun yi kyau, har godiya na yi mata. Sai da na aika maka ka kira kana faɗa kamar an ƙone maka gida, wai baƙin nan da ke jikinsu shi ne darajarsu, an kankare musu shekaru. Da na isar mata da saƙonka, ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda ake sayen dauɗa ba, idan Baturen naka dauɗa yake so ya zo ta ba shi tukunyar waken suya kyauta. Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana, alhali tun da aka rushe gidanta na unguwar Koulouba ɗaki ɗaya muke kwana. Kai ka yi faɗan, ni na sha fushin.

Daga nan muka shiga neman fari. Na sayo farar takarda, hoton ya fito toka-toka. Na gwada farantin Inna na tangaran, ya riƙa mayar da haske har rubutun jikin sulallan ya ɓace. Na shimfiɗa zanin gado, ka ce shuɗi ne, kuma da gaskiyarka, don duk farin gidan nan da bula ake wanke shi. Na yanko yadi a kasuwa, ka ce ana hango saƙar tabarma ta ƙarƙashinsa. Na je har unguwar Wemtenga wajen Maliki mai ɗaukar hoton fasfo, ya ce in kawo masa su shago, Inna ta ce kayan ubanta ba za su hau mobilet su yi yawon gari ba. Kowane hoto na aika, sai ka dawo mini da shi da gyara: wannan akwai inuwar hannuna, wannan ya karkace, wannan ga ƙuda a gefe. Shitu, a tsakar gidan Zango kake neman hoton da ƙuda bai sauka ba. Na gaji, kuma ba na jin kunyar faɗa maka na gaji. Abin da ya fi gajiyar ciwo shi ne, a 'yan makonnin nan ka kira ni fiye da yadda ka kira a shekara guda, amma da ƙyar kake cewa a ba Inna waya, idan an ba ta ma gaisuwa ce a tsaitsaye.

Ka manta idanunta ne suka dushe, kunnuwanta garau suke. Duk kiran da kake yi tana ji daga ɗaki. Ranar wata Juma'a, ban fita kasuwa ba, ta kira ni ta tambaye ni wai me Ɗan'azuminta yake nema ne da ya hana ni sakat. Ka san har yau da wannan sunan take kiranka. Na ce mata fari kake so, farin da ba shi da aibi. Sai ta ce in jawo mata adakarta. Ta sa na fitar da zannuwan da ke sama, da na tsakiya, har muka kai ƙasa, ta laluba ta ɗauko wani ƙunshi. Tun kafin ta kwance shi na gane, don ƙanshin turaren ya riga ya gaya mini. Likkafaninta ne, wanda ta sayo a Makka shekarar da ta sauke farali, ta jiƙa shi da ruwan zamzam ta shanya a can, ta naɗo shi ta kawo gida. Tun lokacin babu wanda ya sake ganinsa.

Na ce mata a'a. Na ce ba a rasa farin yadi a Rood Woko ba, gobe zan nemo mai kauri. Gwaggo Zulai ta manta da fushinta ta shigo tana salati, tana cewa wannan ba abin wasa ba ne. Inna ta ce ita ma ba wasa take yi ba. Ta ce yadi ne, bai fara aikinsa ba tukuna, kuma nata ne, ba ta ari na kowa ba. Ka san Inna idan ta yi magana a hankali haka, an gama. Muka kama ta muka fito da ita inuwar bishiyar mangwaro, inda haske yake da kyau ba rana kai tsaye. Na yi alwala kafin in taɓa yadin. Na shimfiɗa sabuwar tabarma, na ninka shi na ɗora a kai.

Ita da kanta ta riƙa ɗora sulallan a kai ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ganinsu, amma da ta shafa da yatsa sai ta faɗi ko wane ne. Manyan nan na azurfa masu hoton wata mata mai ƙiba, ta ce su ne uwarta take ratayawa ranar biki. Kwabo mai huji da anini, ta ce na Kumasi ne tun zamanin Ingilishi, Kaka yakan dawo da su a aljihu ya ba yara su yi wasa. Tsofaffin tamma da dala na Faransa, ta ce su ta fara riƙewa da ta soma tallar goro tana yarinya. Wanda Gwaggo ta goge da wanda ba ta goge ba, duk ɗaya ne a hannunta. Ni kuwa ina tsugune ina ɗauka, ina juya su. Ka yi gaskiya, sun fito da kyau. Babu shuɗi, babu inuwa, kowane rubutu ya fito sarai. Ban taɓa ƙin wani aiki da na yi da hannuna ba kamar yadda na ƙi wannan.

Da muka gama ta ba ni saƙo gare ka, ta ce in faɗa maka yadda ta faɗa, kada in rage don in lallashe ka. Ta ce sulallan naka ne, ka sayar ko ka ajiye, ba ta da magana, Allah ya sa albarka. Amma ta ce ka san mu ba ma ajiye gawa jiran jirgi. Wanda ya cika da safe, kafin la'asar an kai shi. Tun da ta lura ranar ba za ta riske ka a gida ba, to ga shi ta aika maka, ka duba shi da kyau tun yanzu, kada a ce ɗanta namiji tilo bai ga abin da aka naɗe uwarsa a ciki ba. Ba da fushi ta faɗa ba. Da ta yi fushi ma da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ga tawa maganar. Shekarun baya ka ce takardun zama ne suka hana ka zuwa, muka yi ta addu'a har Allah ya ba ka. Daga nan ka ce aiki, ka ce makarantar yara, ka ce sai bazara, bazara ta zo ta wuce. Ban ce ba ka aike ba, kana yi, Allah ya saka maka. Amma ni zan iya ba ta magani, zan iya juya ta a kan gado, idan ranar ta zo ni da Gwaggo za mu yi mata wanka. Daga ƙofar gida kuwa aikina ya ƙare, mata ba sa bin gawa. Wanda zai ɗauki makara ya shiga kabari ya karɓe ta, kai ne, in ba ka nan sai 'ya'yan maƙwabta. Ni ma ba wannan nake roƙo ba. Ka zo tana da rai, ta shafa fuskarka kamar yadda ta shafa sulallan nan ta gane su. Likita bai faɗi lokaci ba, ni ma ban sani ba, sanin na Allah ne. Ni dai da nake ɗaga ta kullum na san yadda nauyinta yake raguwa a hannuna.

Ka gaishe mini da Awa da kyau, ka ce mata na gode da maganin shafawar da ta aiko, yana yi wa ƙafafun amfani. Ka gaishe da Raliya da Hamadu, ka gaya musu kakarsu tana tambayar ko suna jin Hausa. Gwaggo Zulai tana gaishe ka, ta ce ta yafe maka faɗan. Salamata da maigidanta Mani suna gaisuwa, haka ma mutanen unguwa da suke tambayarka a kowace Juma'a.

Da yammacin ranar da muka ɗauki hotunan, Inna ta naɗe yadin da hannunta ta miƙo mini. Na fara kwashe zannuwa zan mayar da shi ƙasan adaka inda yake tun da, sai ta riƙe mini hannu. Ta ce in bar shi a sama, inda za a same shi ba sai an yi bincike ba. Yana nan a sama, Shitu.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Yayarka,
Hadizatu